Kwana Nawa Maharbi Kan Yi A Dawa? Waiwaye Daga Ƙasar Kura Da Bunkure

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, ɗaya daga cikin sababbin marubutanmu ya karanto mana babi guda na littafin da yake rubutawa. Tauraron labarin nasa maharbi ne, a wani ƙauye kusa da Kura. Ya fita bayan sallar asuba da kwari da baka, kafin hantsi ya dubi ludayi ya kashe ɓauna, ya feɗe ta, ya dawo gida har ya samu jam'in azahar. Labari ya yi daɗi, Hausar yaron kuma ba ta da makusa, aka tafa masa. Sai wani dattijo daga cikinmu ya tambaye shi a wace shekara abin ya faru. Yaro ya ce ai ƙagaggen labari ne, ba ruwansa da shekara. Daga nan gardama ta sarƙe, har aka tashi ba a raba ta ba. Wannan gardama ce ta haifar da maƙalar da mai karatu ke riƙe da ita.

Tambayar dai ita ce, kwana nawa ya kamata farautar manyan namun daji ta ɗauka? Turawa masu zuwa Afirka da kuɗinsu suna da amsarsu a rubuce cikin takardar lasin. Maharbanmu ba su taɓa rubuta tasu ba, amma suna da ita. Abin da muka fahimta shi ne, a ƙasar Hausa maharbi bai taɓa zama mai yanke wa farautarsa kwanaki ba. Abu biyu ke yanke masa: nisan nama, da kusantowar damina. Mun zaɓi ƙasar Kura da Bunkure ne domin a nan aka taɓa duka biyun. Daji ya tafi, sa'an nan rani ma, irin wanda kakanninmu suka sani, ya bi shi.

Bari mu fara sallamar Turawa tukuna. Kalmar da suke kiran wannan tafiya da ita, wato safari, ba tasu ba ce. Daga Suwahili suka aro ta, Suwahili kuma daga Larabci, tushe ɗaya da safarar da muke cewa idan mutum yana kai kaya gari-gari. Ashe tun asali tafiya kalmar ke nufi, kuma tafiyar ce ke cin kwanakin, harbin kansa ai ƙiftawar ido ne. Theodore Roosevelt ya sauka daga mulkin Amurka a watan Maris na 1909, ya iso Mombasa a watan Afrilu, bai ɓulla Kartum ba sai a watan Maris na 1910. Wata 11 ke nan. Shi da ɗansa Kermit sun harbe dabbobi 512, ciki har da zaki 17, giwa 11 da karkanda 20, akasari da sunan gidan ajiye kayan tarihi na Smithsonian. 'Yan dako fiye da 200 ke biye da su a ƙasa, suna ɗauke da tantuna da abinci da gishirin jiƙe fatu har tan 4. Ayari irin wannan ba ya sauri ko da ya so.

Da marubucin nan Ernest Hemingway ya je Tanganyika a ƙarshen 1933, mota ta riga ta shiga daji. Bai cika wata uku ba, kuma a cikin wannan ma sai da atini ya kwantar da shi aka ɗauke shi a ƙaramin jirgin sama zuwa Nairobi. Bayan yaƙin duniya na biyu jirgi da Landiroba suka ƙara gutsure kwanakin, wata ɗaya ya zama dogon zango. Kenya ta hana irin wannan farauta ɗungurungum a 1977. A Tanzaniya, inda aka ci gaba da yi, mai son giwa ko zaki sai ya sayi lasin kwana 21, mai son ɓauna kuwa na kwana 10 ya ishe shi. Nan kusa da mu, a arewacin Kamaru, a dazuzzukan da ke kewaye da Garwa, baƙi kan zo da rani su yi kimanin mako biyu suna neman ɓauna da gwanki. Kada mai karatu ya ɗauka zaki ne ya ce sai an yi kwana 21 kafin a gan shi. Baƙon kullum ta Allah yake biya, don haka tsawon kwanakin hanya ce ta tatsar kuɗi, kuma hanya ce ta rage yawan masu harbi. Lissafin ofis ne, amma ba mu ce na banza ba ne.

To, mu dawo gida. Maharbi na farko da tarihin Kano ya ambata shi ne Barbushe, daga zuriyar Dala. Tsohon kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya siffanta shi da cewa ƙato ne baƙi mai ƙarfi, wanda kan kashe giwa da sanda, ya ɗauko ta a ka, ya yi tafiyar da Palmer ya ƙiyasta da mil 9. Babu mai hankalin da zai yarda an ɗauki giwa a ka. Amma mu marubuta mun san halin mai ba da labari: inda yake son burgewa nan yake zuba gishiri, sauran ya bar su yadda suke. An zuba gishiri a ƙarfin Barbushe, nisan kuwa an bar shi tafiyar da ba ta kai ta wuni ba, wajen kilomita 14. Wato masu sauraron labarin a wancan zamani ba su ga abin mamaki ba a ce akwai giwa a tazarar da ba ta kai rabin hanyar Kura daga Dala ba. A zamanin Barbushe, tauraron ɗan'uwanmu matashi zai iya samun jam'in azahar ɗinsa, in da akwai masallacin.

Daga baya, a abin da muka taso muka tarar ana faɗa, farauta ta kasu gida-gida, kowace da nata tsawon. Akwai farautar yini, ta gayya. Sarkin dawa ya sa rana, a yi shela a kasuwanni, ƙauyuka su haɗu da karnuka da sanduna da gora da barandami, makaɗa na kaɗa gangi, maza na kirari. A ja layi a kutsa cikin saura da fadama, duk abin da ya tashi a bi shi: zomo, gada, zabo, gafiya, wani lokaci mugun dawa. Kafin almuru an watse. Wannan rabinta neman nama ne, rabinta gwada ƙwanji, shi ya sa ba a cika rabuwa lafiya ba idan mutum biyu suka yi da'awar zomo ɗaya.

Akwai farautar kwana, wadda ake ɗaura guzuri a tafi dajin da ba a iya zuwa a dawo rana ɗaya. A kafa sansani kusa da ruwa, a yi kwana uku, ko mako, ko biyu. Abin da ke yanke wannan shi ne jakar guzuri da halin nama. Garin gero da ƙuli-ƙuli da barkono suna da iyaka, ɗanyen nama kuma ba ya jiran kowa a zafin bazara. Dole a yanyanka shi a ɗora a kan ragaya a kyafe shi da hayaƙi, kuma ƙyafaffen naman ma iyakarsa abin da kai ko jaki zai iya ɗauka. Ranar da kaya suka cika, ranar farauta ta ƙare, ko da garke na tsaye yana kallon mutane.

Sai na uku, maharbi na ainihi, wanda ya gaji abin kaka da kakanni. Shi ba ya son taro, ba ya son kiɗa. Shi kaɗai yake shiga, ko da ɗansa, ko da ƙanensa. Nasa aikin jira ne. Ya hau bishiya kusa da mashaya ya yi bago, ya kwana, ya sake kwana. Ko ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya yafa baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sassaran ƙasa kamar tsuntsun, har ya shiga tsakiyar garken barewa ko kanki ba su ankara ba. Kibiyarsa kuwa ba nan take take kashewa ba. Dafin ƙwanƙwani, wanda shi ne uwar haɗin dafin kibiya a ƙasar nan, zuciya yake kamawa, kuma yana bukatar lokaci. Gwanki ya sha kibiya zai zabura ya yi nisa, ɓauna kuwa ta fi haka sharri, takan kewayo ta laɓe tana jiran mai bin sawunta. Saboda haka bayan kwanakin jira akwai sa'o'in bin jini, ido a ƙasa, kunne a sama.

A nan ne ma addini ya shigo da nasa agogon. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta babin farauta a Risala ta Ibn Abi Zaid. Ta ce farauta don wasa makaruhi ce, don wata bukata kuwa halal. Ta kuma ce abin da kibiyarka ta kashe ka ci, matuƙar bai kwana ɓoye gare ka ba, ko da yake ta kawo wani ƙaulin da ya sassauta idan an tarar da kibiyar a makasa. Mai karatu ya duba abin da wannan ke nufi ga maharbi Musulmi. Idan ya yi harbi da la'asar, tsere yake da rana. Ya samu naman kafin dare, ya yanka ko ya ɗauka da natsuwa. Ya kasa, gobe sai ya tarar da abin da malamin garinsu zai iya ce masa mushe ne, in ma kura ta rage masa wani abu. Ga wurin da marubuci zai samu tashin hankali na gaske ba tare da ya ƙirƙiro aljani ko ɗaya ba.

Duk waɗannan kuwa a cikin katanga ɗaya suke, wato rani. Maharbi manomi ne kafin ya zama komai. Ba ya barin gida sai an girbe dawa an kai rumbu, ciyawa ta bushe an sa mata wuta, ƙananan tafkuna sun ƙafe, namun daji sun taru a 'yan mashayun da suka rage. Kuma dole ya dawo ya yi sharar gona kafin ruwan shuka. A lissafin watannin noma na gargajiya, Arna kan yi bikin buɗin daji a wata na huɗu, abin da har yanzu ake tunawa da shi a Masalata kusa da Birnin Ƙonni a Nijar, kuma kafin wannan rana ba a shiga farautar taro. Wata na bakwai kuwa kowa ya san kirarinsa, makarar rani. Tsakanin huɗu da bakwai wata uku ne. Wannan shi ne lasin kakanninmu, ba a buga masa hatimi ba, amma wanda ya ƙetare shi iyalinsa ne za su biya tara da yunwa.

A ƙarni na 19 Kura gari ne na rini. Baƙin yadin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura har cikin Sahara Buzaye ke nemansa, kuma garin da ke da karofi da masaƙa da gonakin baba ba ya zama da giwa a bayan ganuwa. Tun a lokacin manyan namun sun ja kudu, bayan Rano da Kibiya, zuwa dajin da Kogin Kano ke ratsowa daga wajen Riruwai. Abin da ya tsare musu wannan daji yaƙi ne. Tun daga tsakiyar ƙarnin Ningawa suka addabi kudancin Kano da hari, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha ɗaura musu yaƙi, amma ba a rabu da su ba har zuwan Turawa. Talaka ba ya sare daji ya yi gona inda za a kama shi a sayar. Sai dajin ya zauna, ɓauna da gwanki da zaki suka samu mafaka a tsakanin abokan gaba biyu. Maharbin Bunkure na wancan zamani tafiyar kwana biyu ko uku ce tsakaninsa da babban nama, amma yana tafe yana sauraron motsi iri biyu, na dabba da na mahaya.

Kada kuma a ce doguwar farauta baƙuwa ce a wurinmu. A wannan ƙarnin dai, da hauren giwa ya yi kuɗi, Hausawa maharba da fatake sun bi ta Adamawa har Banyo da Tibati da Ngaundare, suka gangara cikin kurmin kudancin Kamaru. Makaminsu sango ne, wani gajeren mashi mai dafi da ake cusawa a bakin bindigar toka a harba wa giwa. Hauren yakan biyo ayari zuwa Kano ya haye Sahara zuwa Tarabulus, wani kuma ya gangara Binuwai zuwa ga jiragen Turawa. Irin wannan tafiya ta tsallake lissafin wata uku. Mutum ya shekara, ya yi biyu, wani ya yi aure a can ya kafa zango. Amma a lura, waɗannan sun bar noma ne gaba ɗaya, sun koma 'yan safara da bindiga. Su ne suka fi kusa da ma'anar kalmar nan ta Suwahili, shekaru da dama kafin Roosevelt ya sa ƙafa a Mombasa.

Abubuwa uku suka taru suka gama da dajin kudancin Kano, kuma duk sun riga madatsar Tiga. Na farko annobar shanu ta wajen 1890, wadda Fulani suka sa wa suna Sannu saboda yawan jaje. Ba shanu kaɗai ta kashe ba, ta share ɓauna da mugun dawa da dangoginsu a faɗin Afirka. Na biyu zaman lafiya. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, harin Ningi ya mutu, mutane suka fito daga bayan ganuwa suka bazu da gatari. Na uku gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga kakar 1912 kuwa kowa ya gane akwai kuɗin haraji a cikin ƙasa. Saurar da ake bari ta huta shekara da shekaru aka daina bari. Kafin shekarun 1960, lokacin da Michael Mortimore ya yi nazarin ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, ya tarar kusan ko'ina gona ce ake nomawa kowace shekara, bishiyoyin da suka rage kuma na amfani ne, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo.

Doka ta zo ta ɗora nata. An yi dokar kare namun daji a Nijeriya a 1916. A 1933 ƙasashen da ke mulkin Afirka suka taru a Landan suka ƙulla yarjejeniyar da ta nemi a hana farauta da dafi, da kewaye dabba da wuta, da rami, da tarko, da fitila mai kashe ido. Mai karatu ya sake duba jerin nan. In ban da fitilar, kayan aikin maharbinmu ne kaf aka lissafa. Abin da aka bari shi ne bindigar zamani da takardar lasin, wato kayan aikin Joji da Razdan idan sun fita rangadi. Ba mu ce niyyar ba ta da kyau ba, domin wuta da dafi sun yi ɓarna ƙwarai. Amma sakamakon shi ne mutumin da ya gaji daji ya wayi gari sunansa ɓarawon daji. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963. Dajin nan na Kogin Kano an keɓe shi a shekarun 1940, aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji a 1969, shi ne Falgore, mai faɗin kimanin hekta 92,000 a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Daga ranar, nama mafi kusa da Bunkure ya koma bayan layin hukuma.

Sa'an nan ruwa ya zo. Gwamna Audu Bako, Allah Ya jiƙansa, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, mutum ne mai son madatsun ruwa, kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya nuna yana da hujja. Aka gina Bagauda, aka gina Tiga a kan Kogin Kano aka gama a 1974, tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 180, wanda ya tashi dubban mutane daga gidajensu, ƙarshensa na kudu kuma ya je ya taɓo Falgore. Daga Tiga aka ja babbar hanyar ruwa, ba inji ba famfo, gangara kawai, ta biyo ta Ruwan Kanya ta rarrabu cikin ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. Hekta 22,000 aka tsara a kashin farko. An fara gwaji a Kadawa, daga 1976 kuma aikin ya koma hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Wani abin lura, shi dai wannan gwamna shi ya gina gidan namun daji na Kano a farkon shekarun 1970. Tun daga lokacin, jikokin Barbushe da kuɗin shiga suke ganin giwa.

Ba za mu yi wa Tiga butulci ba. Duk wanda ya bi hanyar Zariya da hunturu ya ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan, ko ya ji ƙarar injinan casar shinkafa a Kura, ya san abin da ruwan nan ya yi wa mutane. Kuma mun riga mun nuna ba ita ta kori ɓauna ba. Abin da ta ɗauke wa maharbi wani abu ne daban, wanda ba a cika lissafa shi ba: ta ɗauke masa rani. Alkama a watan Nuwamba ake shuka ta, a yanke a watan Maris. Tumatir da albasa su ma watannin sanyi suke so. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, har waɗanda ba su taɓa tunanin nomanta ba sai da suka shiga. Waɗannan watanni kuwa sun ci wani ɓangare na lokacin da ke tsakanin wata na huɗu da na bakwai. Gonar damina kana iya juya mata baya bayan girbi ka yi wata uku ba ta neme ka ba. Gonar rani ba ta san wannan ba. Ranar da ruwa ya zo layinku dole kana tsaye da fartanya kana buɗe kwami, in ka yi fashi sau biyu alkama ta gaya maka a ranar awo. Tumatir ya nuna, kwana biyu ya yi yawa. Mutumin da ke da fuloti a Kadawa ba shi da mako guda na kansa, balle wata uku.

Saboda haka farauta ta tsage biyu. A hannun mai gona ta tsuke ta koma ta yamma ɗaya: a bi gefen kanal da kare a tono gafiya, a kama gyazbi a cikin rake, yara su wuni suna kaɗa gwangwani suna korar jan-baki daga shinkafa. A cikin birni kuwa wani reshenta ya lalace. Kalmar daba da muke jin tsoro yau, asalinta mazaunin 'yan farauta ne, inda suke taruwa su da karnukansu. Da dajin ya ƙare, taron da makaman da kirarin ba su ƙare ba, sai suka juya kan unguwa, 'yan siyasa kuma suka ga abin haya. Wannan magana ce mai tsawo, ta wata fitowar.

A hannun wanda ba shi da fuloti, ko yake da shi amma gado ya raba shi har ya koma tafin hannu, ko wanda jinin abin ke yawo a jikinsa, farauta ta miƙe ta yi tsawon da ba ta taɓa yi ba tun zamanin masu sango. Falgore ba ta shiguwa. Bayan ma'aikatan gandun daji, ɓarayin shanu sun mai da ita mafaka a shekarun 2010, har a 2017 sojoji suka shiga suka yi atisaye a ciki. Sai a hau babbar mota, mutane da karnuka da bindigogin toka, a nufi Bauci, ko Neja, ko Taraba, ko a tsallake Kwara da Binuwai a shiga kurmi. Wanda ya biya kuɗin mota na kilomita ɗaruruwa ba zai yi kwana uku ya juyo ba. Dole ya zauna har abin da ya samu ya biya hanya ya bar saura. Ba damina ke kiransa gida yanzu ba kaɗai, har da Salla.

Ga amsar da muka so ba ɗan'uwanmu matashi a ranar nan. Maharbinsa na iya kashe ɓauna, amma sai ya gaya mana shekara, domin shekarar ce za ta ba shi kwanakin. In a 1880 ne, ya ba shi guzurin mako biyu da tsoron Ningawa. In a 1980 ne, ya sa shi ya shiga Falgore da dare yana kauce wa ma'aikata, ya kuma gaya mana wa ya bar wa ban-ruwan alkamarsa. In kuwa a yau ne, to labarin ya fi ƙarfin babi ɗaya, kuma abin tsoron da ke cikinsa ba ɓauna ba ce.

Maharbin da, idan ya je dajin da ba nasu ba, yakan fara da gidan sarkin dawan wurin ko mai gari. Ya kai goro, ya faɗi sunan ubansa da na wanda ya koya masa harbi, in ya yi sa'a kuma ya aika da cinya. Ko bai san kowa ba, an san warkinsa da layunsa, an san me ya kawo shi. Wannan sanayya iyakarta inda ake jin harshensa. Masu iya magana sun ce giwa a garin wani zomo ce. A ƙasar da satar mutane ta hana kowa barci, baƙo mai bindiga da karnuka a bayan babbar mota ba shi da wanda zai tsaya masa, kuma duk kilomitar da aka ƙara wa tafiya an ƙara garuruwan da za a ratsa a matsayin baƙo.

A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin goman ƙarshe na azumi, wasu maharba suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano yin Ƙaramar Salla, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar da suke ciki, suka ga bindigogin toka, aka yi kururuwar an kama masu satar mutane. Taro ya haɗu. Aka kashe mutum 16, aka ƙone su. Da aka bi sawu, sai ga shi da yawansu mutanen Torankawa ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure, sauran kuma daga maƙwabta irin su Kibiya da Rano da Garko. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. 'Yan sanda sun ce sun kama waɗanda ake zargi. Cikin kwanakin Sallar, Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka tafi har Torankawa suka yi wa iyalan ta'aziyya. Lokacin yankan alkama ne a Kadawa.